Shafin Dawakai a Littafin Ma'aji

Duk wanda ya rubuta Yargalma a wayarsa ya nema, gubar dalma zai fara gani. In ya gangara ƙasa kaɗan sai labarin 'yan bindiga, daga nan kuma a sake komawa kan dalma. Ba ƙazafi aka yi mana ba, abin ya faru. Sai dai akwai gajiya a ce garin da aka binne cibiyarka ba a san shi da komai ba sai zaman makoki. Ni da nake aiki a Gusau, in aka tambaye ni mutumin ina ne, nakan ce Bukkuyum in ja bakina in yi shiru, don na san da zarar na ambaci sunan ƙauyen fuskar mai tambaya za ta sauya, ya shiga yi mini jajen abin da ya shekara 15 da faruwa.

Shekara huɗu ke nan littafin kuɗin ƙungiyar 'yan garinmu mazauna waje yana hannuna. Ba wai na fi kowa amana ba ne. Malamin lissafi ne ni, kuma ko keke ba ni da shi, saboda haka aka ga ranar da na fara cin kuɗin jama'a ba sai an yi bincike ba. Ƙa'ida ita ce kowa ya ba da naira 1,000 duk wata. Mun haura mutum 140 a zaurenmu na WhatsApp, daga masu shayi a Legas zuwa 'yan acaba a gefen Abuja da ɗalibai a Sakkwato, amma masu biya ba su cika 50 ba, su ma sai na bi su kamar mai bin bashin goro. Kashi uku na raba littafin. Akwai shafin ruwa, wato gyaran famfo da sayen kayansa. Akwai shafin jinya da rasuwa. Na ukun ban rubuta masa suna a sama ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Nan ake rubuta abin da muka tara in an ɗauke wani, ko in an aiko wa gari cewa ba mai shiga gona sai an biya. Shi ne ya fi saurin cika da rubutu, shi ne kuma ba ya kwana da ko sisi.

Zauren nan shi ne jaridar garin. Da asuba dattawa su cika shi da sallama da addu'o'i, hantsi ya yi a fara labari: an sauka lafiya a gidan wane, namiji, famfon bakin masallaci ya sake tsayawa, buhun taki ya ƙara kuɗi, wanda ke shirin tasowa daga Anka yau ya dakata, hanya ba kyau. Wannan "ba kyau" kowa ya san ba ramuka ake nufi ba. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma hana cin kasuwannin mako, zauren ya yi tsit na makonni, mu na waje muka koma tare direbobi a tasha muna tambayar wa ke raye. A farkon Janairun 2022 aka kwana biyu ana bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana kashe mutane ana ƙona rumbuna. A Agustan 2024 ruwa ya ci Gummi, inda danginmu da yawa suka koma don gudun daji, sai ga masu saukar da 'yan gudun hijira su ma suna neman wurin shimfiɗa tabarma. Irin labaran da muka saba da su ke nan, har ya zama in waya ta yi ƙara da dare sai gaban mutum ya faɗi kafin ya duba.

A cikin wannan zauren ne, da ranin da ya wuce, wani yaro da bai kai shekara 20 ba ya sa wani ɗan bidiyo. Dawakai ne na ƙasar Ingila, ƙosassu, ƙafafu kamar turame, gashi ya sauko ya rufe kofato, biyu-biyu suna jan garma a fili. Mutane sun kewaye suna kallo, alƙalai suna bin kuyya suna duba miƙewarta. Ƙarƙashinsa ya rubuta: "Iyayenmu, mu ma a dawo muna da hawa." Sai da aka yi kusan awa guda ba wanda ya tanka. Da amsa ta zo kuwa, ba ta zo da daɗi ba.

Kafin in kai ga faɗan, bari in ɗan tsaya kan dawakan nan, don sun daɗe suna yi mini yawo a kai. A Turai da Amurka akwai jinsin doki da don aiki kawai aka yi kiwonsa: noma, jan keken kaya, jan gungumen itace. Wani yakan kusa kai tan guda a nauyi. Da tarakta ta mamaye gonaki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka rasa abin yi da su, aka yi ta miƙa su ga mahauta, har wasu jinsunan suka kusa ƙarewa. Cikin abin da ya riƙe ragowar akwai irin wannan taron na ƙananan garuruwa, inda ake fito da su shekara-shekara a yi gasar huɗa da ta ado. Mu a ƙasar Hausa ba mu san doki da jan garma ba. A Senegal za ka ga doki yana jan keke ko injin shuka a gonar gyaɗa, ba mai ɗaga ido ya dube shi. A nan kuwa ka ɗaura wa ingarma garma, sai a ce a kai ka wurin malam. Doki namu na sarauta ne da yaƙi da kwalliya. Narambaɗa ya yi wa doki guda waƙa sukutum, Dokin Iska, amma su makaɗan noma ma manomin suke wasawa, bijimin da ya yi aikin ko sannu ba ya samu. Alhali tun ƙarshen shekarun 1920, da Turawan gona suka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, shi ke yin aikin da waɗancan dawakan suke yi a can, jaki ya ɗauki kayan kusa, raƙumi ya ɗauki na nesa. Sunan garinmu ma da galma a cikinsa, wadda mutanen gabas ke ce wa garma.

Hawan da yaron yake magana bai taɓa ganinsa ba, labari ya ji. Ni na gan shi, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Ba hawan Kano ko Katsina ba ne, ba lifidi, ba 'yan sulke, ba kakaki. Mu ƙauye ne. Sarauta mai tambari tana Anka, inda sarakunan Zamfara suka zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara, da Gummi da Bukkuyum. Namu dai, washegarin Sallah da la'asar, duk mai doki a garin da ƙauyukan kewaye ya ɗaura sirdi ya fito. In sun yi yawa su kai goma sha. Akwai akawal ɗin kawuna, akwai wani kili na limamin lokacin da ba ya ƙaunar kiɗa, akwai danda biyu, sauran kuma ƙananan dawakai ne da duk shekara aikinsu kai mai su kasuwa da gaisuwar mutuwa. Jalala ta koɗe, wani linzamin da tsumma aka haɗa shi. Amma in masu kalangu suka ɗauka, mahaya suka jeru a ƙarshen fili suka sako su a guje, suka zo daf da dagaci suka ja linzami, doki ya zauna kan ƙafafun baya, aka ɗaga hannu aka yi jahi, mu yara ba mu san akwai abin da ya fi wannan a duniya ba. Mata su yi ta guɗa daga bayan danga. Masu tallar alewa da ƙuli-ƙuli da rake su sayar da na mako a yini guda. In an sauka, samari su ɗaura kokawa har magariba.

Ana yawan cewa 'yan bindiga ne suka kashe hawan. Su dai suka binne shi, amma babur ne ya fara kwantar da shi. Tun muna sakandare, bayan an yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, magidanci ya fara lissafi. Doki yana cin dawa da dusa da harawa ko an hau shi ko ba a hau ba, yana son kanwa, yana son yaron da zai yi masa ciyawa ya share masa turke. Babur kuwa in ka jingine shi ba ya cin komai. Ɗaya bayan ɗaya aka kai su kasuwa. Da zinare ya yi daraja wajen 2009, kuɗi ya shigo garin irin wanda ba a taɓa gani ba, kuma ba wanda ya sayi doki da shi. Babura aka saya, aka yi rufin kwano, aka ƙara aure. Yau in aka ji ƙarar babura da yawa sun doso gari, ba fita kallo ake yi ba.

Masu adawa da maganar ba mutanen banza ba ne, kuma ba su faɗi ƙarya ba. Wani dattijo da ke Kaduna, wanda sai da ya sayar da gonarsa biyu ya karɓo matar ɗansa, ya aiko saƙon murya na minti shida. Ya ce garin da ake biya kafin a yi shuka, a biya kafin a yi girbi, shi ne za a ce a tara kuɗi a ba doki dawa? Ko kunyar marayu ba za a ji ba? Wani ya ce kiɗa da guɗa a garin da bai gama karɓar gaisuwa ba rashin ta-ido ne. Wani kuma, wanda maganarsa ta fi tsaya mini a rai, ya ce fito da dabbobi fili a jera su daidai yake da ƙirga wa ɓarayi dukiya, tunda ba a rasa mai kai musu rahoto. Ni da littafi ke hannuna na san abin da suke hangowa. A ranar, naira 412,000 ce a asusu gaba ɗaya, kuma kira ɗaya daga daji zai share ta kafin azahar.

Abin da ya hana ni bin bayansu shi ne da na duba su wa ke neman hawan. Duk yara ne 'yan shekara 16 zuwa 20, wato waɗanda suke goye ko suna tatata a 2010. Masu karatu na nesa wataƙila sun manta yadda abin ya kasance. Dutsen da ake haƙowa a daji yana da zinare, amma yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi gida a farfasa, a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasar da yara ke rarrafe, ta shiga tuwo, ta shiga randa. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka zo sa ido kan cutar sanƙarau, suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa, gwajin jini ya nuna dalma. Da masu bincike suka bi gida-gida a Yargalma da Dareta, sun tarar cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya cikin huɗu ya rasu a shekara guda. A jihar baki ɗaya an yi asarar yara fiye da 400.

Waɗannan samarin su ne ragowar sa'anninsu. Tun da suka yi wayo, taron da suka sani a garinsu shi ne na jana'iza, da na rabon magani, da na haɗa kuɗin fansa. Baƙin da suka sani masu farar mota ne da allurar ɗibar jini. In irin wannan yaron ya buɗe baki ya ce yana son ganin doki da ado a ƙofar gari, bakina ba zai iya ce masa ya jira sai an samu zaman lafiya ba. Wasu cikinsu har sun fara neman aure suna jiran nan.

Ɗan yayata yana cikinsu. 'Yan'uwansa biyu sun tafi a wata guda a waccan shekarar, shi kuma aka kwantar da shi a Bukkuyum ana ba shi maganin da ke fitar da dalma daga jini. Allah ya yi da sauran kwanansa. Magana tana yi masa nauyi, makaranta ta gagara tun aji uku, in aka aike shi sayen abu biyu sai ya dawo da ɗaya. Amma ku ba shi bijimai biyu da garma. Ba ya duka, ba ya ihu. Wani ɗan sauti yake yi da harshe, shanun su juya kamar da zare ake jan su, kuyya ta fita sak har ƙarshen gona. Mutanen da ke yi masa dariya a dandali su ne ke cika ƙofar gidansu in ruwa ya sauka, kowa yana roƙon a fara da gonarsa. Saboda shi na kawo shawarar da ta sauya tsarin abin. Na ce in za a yi, kada a tsaya kan doki, don dawakan da suka rage mana a garin da kewaye ba su wuce huɗu ba. A fito da shanun huɗa, a yi gasar miƙe kuyya, a duba wanda ya fi kula da dabbarsa, wuyan da karkiya ba ta ci ba da kofaton da ba ya ɗingishi, sannan dawakai su rufe taro da jahi. Na faɗa a zaure tun farko cewa ina da ɗan takara a gida, don haka ba zan zauna cikin alƙalai ba. Aka kuma yarda a ɗauke shi daga Sallah a kai shi bayan kaka, don a 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah a bazara take faɗowa, lokacin da haƙarƙarin kowane sa yake a waje.

Samarin suka kawo nasu lissafin, naira miliyan 2 da dubu 300. Rumfuna da kujerun haya, riguna masu tambari, lasifika, mai ɗaukar bidiyo, hayar dawakai daga birni, da wani abu da suka kira tarbar manyan baƙi. Na zauna da jan biro. Dawakan haya na fara sokewa, don in doki ba namu ba, mahayi ba namu ba, hawan wa muke tayarwa? Rumfa kuwa Allah ya ba mu inuwar tsamiya. Abin da ya rage bayan na gama naira 385,000 ne. Harawa da dusa da dawa na mako biyu, don dabbobin su yi sheƙi, 90,000. Masu kalangu da mai gangar noma, 60,000. Badukun da zai gyara sirada da linzamai, 55,000, kuma sai Gummi aka same shi, don na garinmu tuni ya koma ɗinkin kujerar babur. Kyaututtuka 80,000, ba kofi ba, ba takardar yabo ba: sabon bakin garma, igiya, dutsen lasa, maganin tsutsa. Abinci da man masu tsaron gari, 30,000. Sai ruwa, 70,000, wanda ya fi komai jawo mini tambaya.

Yayata ce ta sa aka rubuta shi. Ba ta cikin zaure, ba ta ma da babbar waya. Ɗanta ya kai mata labari, ta sa aka kira ni.

"Malam, ina za a yi sukuwar?"

Na ce, "Dattawa ba su tsai da wuri ba tukuna, Yaya."

"To ka hwaɗa musu, ban da tsohon hili. Nan anka shanya dutsi. Ba a sa dawaki su tada wagga ƙura ɗiya na tsaye baki buɗe."

Ta san abin da take faɗi. Da daminar 2010 aka kankare saman ƙasar gidaje da wuraren da aka yi niƙa, aka kwashe aka binne a ramuka a bayan gari, aka zubo sabuwar ƙasa. Sai da aka yi wannan maganin yara ya yi amfani, tunda ba riba a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin guba. Amma dalma ba ta ruɓewa, shekaru ba sa cinye ta, kuma harkar dutse ba ta mutu ba a yankin duk da dokar hana haƙar ma'adinai da aka sa wa Zamfara a 2019, wadda aka ɗage a ƙarshen 2024. Kofaton doki da bakin garma kuwa aikinsu ke nan, tono abin da ya kwanta. Waɗanda suka yi aikin kankara a wancan lokaci suna nan da ransu, sun san inda kowane rami yake. Su aka sa suka zaga, suka zaɓi wata gonar kawuna mai jigawa, nesa da inda aka taɓa zuba dutse. Duk da haka Yaya ta ce a jiƙa layin sukuwa da sassafe, 'yan kura su yi ta jido ruwa, don ita ƙura kowace iri ce ba ta yarda da ita ba. Kafin mu yi sallama ta ce matan adashinsu sun ware naira 24,000, amma da sharaɗi: wannan karon ba za su yi kallo daga bayan danga ba, a ba su gindin tsamiya.

Abin da ya kwantar da rigimar zaure shi ne alkawarin ba za a taɓa ko kwabo daga asusun ƙungiya ba. Wanda ya ga dama ya bayar daban, wanda bai gani ba ba laifi. Na buɗe shafi na huɗu, na rubuta masa suna da manyan baƙaƙe. Dattijon Kaduna bai sauya ra'ayi ba har yau. A ranar da na buɗe shafin ya turo naira 5,000, ya ce in sa a na uku.

Ba a yi mako biyu ba labari ya kai kunnen wani mai neman kujera a 2027. Ya aiko yaronsa cewa zai ɗauki lissafin samarin gaba ɗaya, miliyan biyun da 'yan kai, a dai liƙa hotunansa a raba huluna. Samari suka yi ta murna, har wasu suka fara ganin ni ne mai hana ruwa gudu. Dagaci ne ya ƙi, kuma ba wa'azi ya yi ba. Ya ce hoto yana kawo motoci, motoci suna kawo 'yan wata jam'iyyar, kafin la'asar daji ya ji an shigo da kuɗi gari. Mai hoton zai kwana a birni, mu mu kwana da abin da ya bari. Ni nawa dalilin na ma'aji ne: abin da mutum ɗaya ya biya, ranar da ya faɗi zaɓe ya mutu ke nan. Wanda aka tara da ɗari biyar-biyar ya fi wuyar kashewa, don masu bin ba'asinsa suna da yawa.

Saura maganar ƙirga wa ɓarayi dukiya, wadda ba ta da amsar da za ta sa mutum barci. Na kai ta gaban Kawu, wanda ya haura 70, kuma har yanzu yana da doki, wani bikili da ya kai ajiya gidan surukinsa a Gummi tun 2022. Na ce, "Kawu, an ce za mu jera musu shanu su zaɓa." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, kajin gidana ma sun san yawansu. Mi za mu ɓoye musu? Shanun ga kullum suna gona, kowa na gani." Gaskiya ne, amma ba ta cire haɗarin ba, kuma ba wanda ya ce ta cire. Abin da aka tsayar shi ne ba za a faɗi rana a zaure ba, ba gayyatar mutanen nesa, mu na waje ma wanda ya samu kansa a gida shi ke nan. A fara da hantsi a watse kafin azahar. Ba mai sa hoto a Facebook sai dabbobi sun koma turakunsu. Za a sanar da hukuma ta hannun hakimi. Dagaci kuma yana da ikon ya ce an fasa ko da an riga an ɗaura sirdi, ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. In hakan ta faru, harawa dai ta shiga cikin dabbobinmu, kyaututtuka ba sa lalacewa, sirada sun gyaru. Asarar da na hango ita ce kafin-alƙalamin makaɗa, naira 20,000.

Wani a zaure ya kawo misalin Kano. Ya ce a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, amma duk da haka an hana hawa a babbar Sallar 2024 da ƙaramar Sallar 2025 saboda rikicin sarauta. In Kano mai dubban dawakai ta haƙura, mu su wa? Sai dai Kano in ta shekara biyar ba ta hau ba, bargoginta suna nan, shamaki yana nan, dukawa suna nan a unguwarsu, yara suna tashi suna ganin ana kilisa da yamma. Mu kuwa waɗanda suka iya ɗaure majayi yadda sirdi ba zai juya da mutum ba su uku suka rage, kuma ƙaraminsu ya ba 60 baya. Yanzu haka Kawu ya kwantar da tsohon turmi a zaurensa ya ɗora masa sirdi, yara biyu suna zuwa bayan isha'i yana koya musu zaman kai da sa ƙafa a likkafa. An ce in suka karkace har turmin yake yi wa faɗa.

Zuwa ƙarshen watan jiya naira 217,500 ta shiga shafi na huɗu. Mafi yawa daga wani mai shayi ne a Legas, 20,000, wanda ba zai ma samu zuwa ba. Mafi ƙanƙanta naira 200 ce, daga wata yarinya 'yar firamare da ta ba mai POS a hannu ta ce a rubuta sunanta. Saura 167,500, kuma gero ya fara fitar da kai. Ba a gama shawarar yadda za a dawo da bikilin Kawu ba. Shi yana son ya hawo shi daga Gummi, 'ya'yansa sun ce sai dai a mota.

Shekaranjiya kuma masu jakuna suka tura wakili wurin dagaci. Sun ce su ke kai taki gona, su ke kwaso dawa, su ke jido ruwa in famfo ya tsaya, ba za a yi taron dabbobin aiki a bar su a baya ba. Suna son nasu tseren da nasu kyautar, sabuwar mangala da akumari. Na tambayi kuɗinsu, wajen naira 15,000. Lissafi ya koma 400,000 cif, abin da ake nema ya zama 182,500, kuma daren yau zan sa sabon bayanin a zaure kafin dattawa su kwanta.